Kora

Kalmar ba ta da nauyi a baki,
gaɓa biyu ce, ko ɗan yaye ya iya.
Na fara jin ta a ƙofar ɗakinmu a Nima,
ranar da Inna Sahadatu ta shanya gero a kan buhu,
ta miƙo mini tsinken kwakwa:
"Lariba, zauna nan ki kori kaji."
Na kore su har la'asar, ina dariya.
Ban tambayi inda suke zuwa ba.

Da na girma na same ta a bakin teburina.
In ƙosai ya tsaya wa mutum a wuya
sai ya kora da koko.
Shekara sha tara ina ce wa direbobin toroto,
"Kora mana, Malam, kar ka shaƙe."
Ina sayar da ita kofi-kofi, da sukari.

Malam Iddirisu na makarantar dare ya ce
har a nahawu akwai korewa:
ka ɗauki magana lafiyayya,
ka sa mata ba a gaba, ba a baya.
Ya rubuta a allo, gidanmu ne.
Ya ce, to, wa zai kore ta?
Ni na ɗaga hannu.
Ba gidanmu ba ne.
Aka tafa mini.

Kakana Tanko mai goro bai taɓa furta ta ba.
"Waccan shekarar" yake cewa,
shekarar da aka ce baƙi su nemi hanya.
Ƙanensa ya sayar da keken ɗinki a kuɗin tasa,
ya hau bayan babbar mota
zuwa garin da a bakin tsofaffi kawai ya san shi.
Mabuɗin shagonsa ya kwana a aljihun Kaka
har ranar da aka yi masa wanka.

Akwai kora da hali,
ta mai gida da ke murmushi
yana neman hayar shekara biyu a dunƙule.
Akwai korar kare.
Wannan ba ta sallama.

Tamu ta zo ran Talata da jan fenti.
Su ba su ce kora ba.
Gyaran gari suka ce, buɗe wa ruwa hanya.
Ban musa ba, kwatar nan tana cin mu duk damina,
bara ta tafi da akuyar Barikisu da katifa biyu.
Amma yaron da ya shafa jan a bangona
ina bin sa sidi huɗu na koko.
Bai dube ni ba.
Ya gyara ƙafar harafin da kyau,
kamar za a ba shi maki.

A Ankara muke, ba mu ankara ba.
Katafila ta riga ladan tashi.
Na fita da tukunya, da jikata, da rariyar tata,
na bar kalandar da ke rufe tsagar bango,
na bar ƙusar da nake rataye gyale.
Wa zai ce ƙusa na shiga rai?

Bayan ruwa uku na koma in gani.
Ciyawa ta fito a tsakar ɗakina,
kore shar.
Haruffan nan dai, ba a canza ko ɗaya ba:
an kore mu, wuri ya yi kore.

Ina tsaye magariba ta yi.
Sai ga kazar Barikisu, wadda ta ɓace ran rusau,
ta ratso ɓaraguzai tana taku ɗai-ɗai,
ta tsaya daidai inda ƙofa take a da,
tana jiran a buɗe.

Jikata ta sunkuya za ta ɗau dutse.
Na riƙe hannunta.